Wayar da Ban Buga Ba

Ban yi makaranta ba, ta boko ko ta allo. Ina ɗan shekara tara mahaifina ya rasu, na shiga tashar mota a Kumasi ina ɗaukar kaya, kuma a tashar na girma. Na iya sallah, da gajerun surori biyar da na ɗauka da kunne a bayan liman. Amma idan aka buɗe mini Alƙur'ani ban san inda ake farawa ba. Mutum biyu ne suka san wannan a duniya: matata da mahaifinta.

Mahaifinta direban babbar mota ne, yana kai goro arewa. Shi ya koya mini tuƙi, daga baya ya ba ni 'yarsa. Baba nake ce masa. Yadda ya gane ban iya karatu ba, a wajen addu'ar wani maƙwabcinmu ne a zango, unguwarmu ta Hausawa. A wajenmu idan an yi rasuwa, ranar addu'a ana kawo Alƙur'ani a ƙananan littattafai talatin, a raba wa maza, kowa ya karanta nasa, a sauke wa mamaci. Aka miƙo mini ɗaya. Na riƙe ina motsa baki. Baba yana gefena, ya dubi shafin, ya dubi bakina. Sai ya zare littafin daga hannuna ya ce, “Kai tashi ka ga shayin nan, tsofaffi suna jira.” Ya karanta nasa ya karanta nawa. Tun daga ranar, duk addu'ar da muka je tare, kafin a zo kaina ya aike ni. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya.

Matata ce ta ci bizar caca ta zuwa Amurka, ita da ta yi sakandare. Muka zo New York, muka samu ɗaki da falo a unguwar Parkchester, hawa na bakwai. Ita tana kula da tsofaffi a gidajensu. Ni ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a unguwar Jamaica, kusa da filin jirgi. Muka haifi 'yan mata biyu.

Wani abokin aikina ne ya yi mini maganar sojan ko-ta-kwana, wanda a nan ake ce wa rizab. Kana aikinka, kana gidanka, amma ƙarshen mako ɗaya a kowane wata na gwamnati ne, da mako biyu a lokacin zafi. Ya ce akwai asibitin yara a ciki, kuma takardar zama ɗan ƙasa tana fitowa da wuri. Sai dai ba sa ɗaukar wanda ba shi da takardar makaranta. Na shiga ajin manya. Matata ta zaunar da ni a teburin kicin kusan shekara uku tana koya mini Turanci da lissafi. Na faɗi jarrabawar sau biyu, a ta uku na haye da ƙyar. Haka na koyi karatun boko ina da furfura a gemu. Na Larabci kuwa na bar shi inda yake.

Horon farko wata da watanni ne. Ita kaɗai ta riƙe gida, ƙaramar tana goye. Da na dawo muka shiga tsarin wata-wata. Akwai kalanda a jikin firji, ta zagaye ranakun da jan biro. Duk makon da zan tafi sai ta roƙi wata abokiyar aikinta su yi musayar kwana, don kada yara su zauna su kaɗai. Ranar Alhamis ita take haɗa mini jaka: safa, ƙaramar dadduma, garin rogo a leda, da kwalbar shito, yajin nan namu mai mai, da ta soya da kanta, don ta san abincin can ba ya zama mini.

Akwai abin da ban taɓa gaya mata ba. Ina son tafiyar nan. A gida akwai kukan yara, da takardun makaranta da ban gane rabinsu ba, da waya daga Kumasi. A can babu mai tambayata komai. An faɗa maka lokacin tashi, lokacin ci, inda za ka tsaya. Ni direba ne a rukuninmu, kuma babu wanda ya fi ni juya babbar mota da baya. Harbi ma hannuna ba ya rawa. A duk Amurka nan ne kaɗai aka taɓa kiran sunana a gaban mutane don na yi abin kirki.

A masallacinmu kuma sai aka daina kiran sunana, aka koma Soja. Ana matsa mini wuri a sahun gaba. Da yake ba ni da yawan magana, wasu sun ɗauka ilimi ne ya sa. Idan ana addu'ar wani, ina zuwa bayan an gama rabon littattafai, in ce aiki ne ya riƙe ni. Shekara tara ina haka babu wanda ya lura.

A hawa na uku akwai wani dattijo mutumin Accra, ya yi tuƙin tasi har gwiwa ta hana shi. Alhaji muke ce masa. Duk inda ya gan ni sai ya ƙame ya sara mini da hannun hagu.

“Soja, yaushe za ka kawo tankar yaƙin nan ka gyara mana lif?”

“Alhaji, mutanen Accra ba a ba su tanka. Sayarwa za ku yi.”

“To ku na Kumasi goro za ku loda a ciki.”

Wata Alhamis a watan Satumba, da safe ina ɗaura takalmi, wayar matata ta yi ƙara. Ƙaninta ne. Baba ya yi sallar asuba ya kwanta, bai tashi ba. Ta zauna a ƙasan kicin da wayar a cinya. Kafin azahar ɗinmu an binne shi, ta kalli jana'izar a waya. Tafiya gida ba ta yiwu ba a lokacin. Abin da ya rage mata shi ne zaman makoki a nan.

Yadda muke yi, mata suna shiga uwar ɗaki wajen wadda aka yi wa rasuwa, maza suna zama a falo da maigida. Shi ke karɓar gaisuwa kwana uku. Idan babu namiji a gidan, maza ba sa shiga, sai su tsaya a ƙofa su gaisa su juya. Liman ya zo da yamma ya ce addu'a ranar Lahadi bayan azahar a masallaci, don mutane su samu zuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Soja, kai ne ɗansa a nan. Kai za ka buɗe mana sauka.”

Na dubi firji. Juma'a, Asabar da Lahadi suna zagaye da jan biro. Makon harbi ne, za a kai mu wani sansani a New Jersey.

Bayan liman ya fita matata ta ce, “Baban yara, kira sajenku ka gaya mata.”

Na san dokar. Idan an yi maka rasuwa kana kira, a ba ka takarda ɗaya ka cike, ka rama kwanakin wani makon. Na ga an yi wa wani saboda kakarsa. Na ga an yi wa wani saboda matarsa ta karye a ƙafa.

Na ɗauki waya na fita wajen matakala. Na nemo lambar Saje. Na tsaya ina kallonta. Abin da nake gani shi ne masallaci cike, liman ya miƙo mini littafi na farko, kowa ya yi shiru yana jiran Soja ya fara, kuma babu Baba a gefena. Na ɗora wayar a kunne ban danna komai ba. Na tsaya haka kamar minti biyar, don idan ta leƙo ta gan ni ina magana. Wata Basifaniya ta wuce da karenta ta gaishe ni da kai, na amsa mata da kai kamar wanda ke sauraron babba.

Na koma na ce, “Sun hana.”

“Ka gaya mata mahaifina ne?”

“Na gaya mata. Ta ce makon harbi ba a ba kowa.”

Ta daɗe tana kallona, idonta a kumbure. Sai ta ce, “Allah ya isa tsakanina da matar nan.” Ta tashi ta buɗe firji ta ɗauko kwalbar shito. A ranar da aka binne mahaifinta ta haɗa mini jaka.

Ita ta sauka hawa na uku ta roƙi Alhaji ya zauna a madadina. Kwana uku yana hawa matakala da gwiwarsa, don lif ya sake lalacewa.

Ni kuwa na yi harbi mafi kyau da na taɓa yi. Saje ta kira ni a gaban rukuni ta buga kafaɗata. Na ci garin da shiton a bayan mota. Ba zan ce ban ji daɗi ba, don na ji. Ranar Lahadi da azahar na shimfiɗa dadduma a gefen tayar mota, na karanta wa Baba surorina biyar, na gaya wa kaina ya wadatar.

Na iso gida bayan la'asar da kaki a jikina. Takalma sun cika ƙofa har kan baranda. Na shiga falo sai maza suka miƙe tsaye, har da waɗanda suka haife ni. Liman ya riƙe hannuna da hannu biyu.

“Mun ji abin da aka yi maka, Soja. Haƙuri biyu ne a kanka. Mun sa ka a addu'a tare da mamaci.”

Alhaji yana kan kujerata, ƙafarsa a miƙe a kan bokiti. Ranar bai sara mini ba. Ya ce, “Zo ka karɓi wurinka, ɗana. Na ɗumama maka shi.”

Na zauna. Aka kawo mini waina da miya. Mutum bayan mutum yana zuwa yana ba ni haƙuri a kan muguntar da aka yi mini. Ina cewa, “Haka aikin yake.” Na cinye wainar.

Bayan haka labarin ya zagaya. Matata ta gaya wa mata a uwar ɗaki, ta gaya wa mahaifiyarta da 'yan uwanta a waya. Wani matashi da yake son shiga soja, uwarsa ta hana shi, ta ce ya dubi abin da aka yi wa Soja. Na ji, na bar maganar yadda take. Na ɗauka abin zai wuce.

A watan Disamba rukuninmu yana yin ranar iyali. Kowa ya kawo matarsa da yara, a ci abinci a zauren da muke fareti. Shekarun baya matata ba ta zuwa, tana cewa aiki. Wannan karon ta ce za ta je. Ta dafa jalof tukunya guda, ta yi wa yara kitso, ta sa baƙar abaya. Na ce mata wurin hayaniya ne kawai. Ta ce, “Ina son in ga fuskarta.”

Saje baƙar fata ce 'yar Brooklyn, direbar bas ce a ranakun da ba ta sa kaki. Mace ce mai faɗa a fili da dariya a fili. Ta ci jalof faranti biyu, sannan ta zo teburinmu tana fifita baki da hannu. Da Turanci suka yi magana, kuma Turancin matata ya fi nawa nesa.

“Ke ce mai shinkafar nan? Shekara nawa mijinki yana ɓoye mana ke?”

Matata ba ta yi murmushi ba. Ta ce, “Mahaifina ya rasu a watan Satumba.”

“Wayyo, yi haƙuri. Ban sani ba.”

“Kin sani. Ya kira ki ranar Alhamis, kika ce makon harbi ba a ba kowa.”

Saje ta juyo ta dube ni. Na ga ta gane, na kuma ga tana neman hanyar da za ta fitar da ni. Babu hanya. Ni kuma ina kallon farantin roba da ke gabana.

Ta ce a hankali, “Madam, ban samu wannan kiran ba. Da na samu, takarda ɗaya ce. Da ni da kaina zan kore shi gida.”

Matata ta ce, “Na gode.” Ta ƙara da cewa, “Ki yafe mini. Wata uku ina kai ƙararki wajen Allah.”

Saje ba ta gane wannan ba sosai, amma ta taɓa hannunta ta tafi. Matata ta zauna har aka gama. Ta goge wa ƙaramar baki, ta tafa da aka ba yara kyauta, ta wanke tukunyarta a famfon zauren.

A jirgin ƙasa lamba shida yara suna wasa da balan-balan, babbar tana tambayata da Turanci me ya sa Mama ba ta magana. Na ce ta gaji. Tukunyar tana kan cinyar matata, ta riƙe ta da hannu biyu tun daga Manhattan har Parkchester.

Da muka shiga gida ta kunna wa yara talabijin ta ja ni kicin, ta tura ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

“Littafin ne ya kore ka?”

Na ce, “Shi ne.”

“Ba harbin ba?”

Na dubi kalandar da ke jikin firji. Sannan na ce, “Har da shi.”

Ta gyaɗa kai. “Da ka gaya mini, da na ce wa liman maƙogwaronka yana ciwo. Da na ce Alhaji ya buɗe don shi ne babba. Da na sa ka rabon shayi. Ni 'yarsa ce, ka ɗauka ban san yadda yake yi maka ba?”

Ta ci gaba da magana.

“Shekara nawa Baba yana rufa maka asiri. Kwana uku kawai ya nema a wajenka, kuma ba ya nan balle ya aike ka.”

Na ce zan je in gaya wa liman da Alhaji gaskiya ranar Juma'a.

“Ba za ka je ba.”

“Ya kamata su sani.”

“Don ka samu sauƙi? Ni na tsaya a gaban mata na faɗa. Na gaya wa mahaifiyata tana cikin takaba, ta yi maka kuka. Idan ka buɗe baki, ni ce matar da mijinta ya gudu ranar makokin ubanta, ta kuma haɗa masa jaka. Ka riƙe abinka. Duk wanda ya ba ka haƙuri ka karɓa.”

Ta buɗe ƙofa ta fita ta zuba wa yara abinci.

Ba ta ƙaurace mini ba. Tana dafa abinci, tana gaishe ni da safe, muna maganar makarantar yara. Amma da Alhamis ɗin Janairu ta zo, na tarar da jakata a inda na ajiye ta, babu komai a ciki. Kalandar sabuwar shekara tana jikin firji, babu jan biro a kanta. Na nemo biron na zagaye da kaina.

A can ma Saje ba ta tayar da maganar ba. Sau ɗaya kawai, muna duba man mota, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, “Kada ka ƙara sa sunana a cikin irin wannan.” Na ce to.

A watan Maris yayan Alhaji ya rasu a Accra. Alhaji ba shi da ɗa namiji a nan, 'ya'yansa mata suna wata jiha. Rasuwar ta faɗo a makon da na zagaye. Na tsaya a kicin, a gaban matata, na kira Saje. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Ta ce in cike takardar ranar Litinin. Matata tana yanka albasa, ba ta juyo ba.

Na zauna da Alhaji kwana uku a falonsa. Ya ce, “Soja, wannan karon sun ji tsoron Allah ke nan.” Na ce, “Sun ji.”

Ranar addu'a na je da wuri. Masallaci ya cika, mata suna bayan labule. Liman ya buɗe akwatin littattafai, ya ba Alhaji na farko, ya miƙo mini na biyu. Na dubi littafin a hannunsa. Ban karɓa ba.

Na ce, “Malam, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. A ba ni shayi in raba.”

Wani a baya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga babu wanda ya taya shi sai ya yi shiru. Liman ya dube ni kaɗan, ya ce, “To, butar tana can,” ya miƙa wa na kusa da ni. Aka fara karatu. Na tashi na raba shayi.

Shi ke nan abin da ya faru. Babu wanda ya kore ni daga sahun gaba. Da aka tashi Alhaji ya ce shayin ya yi sukari da yawa, mutanen Kumasi ba su san tsadar kaya ba. Liman ya ce akwai ajin manya ranar Laraba bayan magariba, in ina so. Ina tattara kofuna ina tunanin abin da na guje wa ke nan. Saboda wannan na bar matata da makokin ubanta.

A hanyar gida muna tafe a ƙafa, yara suna gaba. Ta ce, “Na ji ka ta bayan labule.”

Na jira.

“Da a Satumba ka faɗa.”

Muka ci gaba da tafiya.

Yanzu ina zuwa ajin Laraba, na kai inda ake haɗa baƙi da wasali. Saura shekara biyu a kwantiragina na soja. Har yanzu idan baƙo ya zo masallaci akan nuna ni a ce ga wanda aka hana zaman makokin surukinsa, ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka aikin yake, kamar yadda ta ce in yi. Mahaifiyarta tana sa mini albarka a waya duk Juma'a.

Shiton yana cikin firji, tana soyawa kamar da. Ranar Alhamis ina ɗiba in zuba a kwalba, ba ta hana ni. Ni nake haɗa jakata.